Yadda Shanun Ardo Suka Koma Huɗu

Aji bakwai na yi a firamare, shi ma na bakwan rabinsa a gonar geron mahaifina na yi shi. Amma hannuna yana da kyau a takarda, kuma a zamaninmu wanda ya iya ja wa harafi jela ba ya rasa kujera. Da aka ba mu jiha aka ce kowa ya koma gida, sai aka kwaso mu daga Kano a bayan babbar mota, mu da kabad-kabad ɗinmu, aka zube a Dutse. Na kama ciki da falo a Yalwawa, lokacin rabin unguwar gona ce. Aikina a wani ɗan ofishi ne mai kula da allurar shanu. Ni ke riƙe da kundin makiyaya: sunan mutum, rugarsa, da yawan shanun da ya ce yana da su. A lura da kyau, cewa na yi "ya ce".

Bafulatani ba ya faɗin yawan shanunsa. Tun zamanin jangali suka ɗauki wannan darasi, jangali ya mutu, darasin ya ƙi binsa. Mai ɗari uku zai dube ka ido cikin ido ya ce, "Ɗan abin da ba a rasa ba ne, arba'in. Sauran na ƙanena ne." Sai ya kawo maka sunan ƙanen, da na ɗan ƙanen, da na wani kawu da ba a taɓa gani ba, a raba garke ɗaya a sunaye biyar ko shida. Ni kuwa in rubuta, in bi shi da addu'a. Kakana Babarbare ne, saboda haka tun ina ciki nake da lasisin zagin Fulani, su ma suna da nasu a kaina. Su ce mini bawa, in ce musu ɓarayin kansu. A haka muka zauna lafiya shekara da shekaru, allura tana kai wa kowace saniya, ƙarya tana kai wa kowane shafi.

Ana cikin mulkin soja aka kawo mana kwamfuta, tsohuwa, wadda wasu Turawa suka gaji da ita. Tare da ita aka kawo Injiniya. Dogo ne siriri, ya haura talatin, da matarsa da 'ya'ya biyu, ɗan wani Ardo ne daga wajen Kafin Hausa. Bijimai ubansa ya sayar ya kai shi jami'a, kuma duk rugar da shi ake yi wa yara misali. Yana da ilmi, ban hana shi wannan ba. Kunne ne dai Allah bai ba shi ba.

Ranar farko ya ɗaga kundina da yatsa biyu kamar ya tsinci mushen ɓera, ya ce, "Baba Akawu, wannan abincin gara ne."

Na ce, "Garar ma ta fi wasu kunya, ɗan Fulani. Shekara goma sha tara ba ta ci mini shafi ɗaya ba."

Shi da kansa ya rubuta wa na'urar yadda za ta riƙe kundin, da wani yare nasu mai suna harafi ɗaya tak, C. Na ce masa yaren da bai samu wanda zai raɗa masa cikakken suna ba, a yi hattara da shi. Wata uku yana fama. Damuwarsa ita ce ƙwaƙwalwar na'urar, wadda ya ce ba ta taka kara ta karya ba, ga makiyaya dubbai, kuma dole a cusa su duka su kuma shiga ɗan faifai ɗaya mai kamar murfin littafi. Sai ya riƙa tsumulmular wuri kamar tsohuwa da daddawa. Suna ya samu gurbi kaza, ruga gurbi kaza. Da ya zo kan yawan shanu, ya ba shi gurbi mafi ƙanƙanta da na'urar ke da shi. Da yake yana son a san ya sani, sai ya kira ni ya yi mini karatu.

Ya ce, "Ka ga, lamba idan ka buga ta, a tiya take shigowa. Ni kuma a gwangwani nake so in ajiye ta, don tiya tana cin wuri. Gwangwanin nan yana ɗaukar har ɗari biyu da hamsin da biyar."

A gabana ya ba na'urar aikin. A cikinta akwai wani mai duba rubutu kafin a fara aiki da shi, kamar yadda alaramma ke duba allo. Mai dubawar nan ya fito da gargaɗi, Injiniya ya fassara mini: wai tiya ba lallai ta shiga gwangwani ba, wani abu zai iya zuba. Sai ya ƙara wasu kalmomi biyu a gaban lambar, ya sake bayarwa. Gargaɗin ya ɓace.

Na ce, "Me ka yi masa?"

"Na gaya masa na sani, ya ɗauke ta a matsayin gwangwani, ya yi mini shiru. Kastin muke ce wa wannan."

"Wato ka toshe wa alaramma baki."

"Wato na fi shi sanin Fulani."

"To idan wani ya zo ya ce ɗari uku fa?"

Ya yi dariya har ya buga tebur, ya kira masu allura su zo su ji. "Baba Akawu, a gindin saniya aka haife ni. Bafulatanin da zai buɗe baki a ofishin gwamnati ya ce ɗari uku, uwarsa ma ba a haifa ba. Duba abincin gararka, ka nuna mini wanda ya wuce tamanin."

Na duba. Babu. Gaskiyarsa ce, kuma ba abin da ya fi gaskiyar mai girman kai ciwo.

Aka karɓe kundina aka kulle a kabad, aka zaunar da ni gaban na'ura ina buga sunaye da yatsa biyu kamar kaza a kan tsaba. Abin da ya shiga tsakaninmu ya zo ne bayan kamar shekara guda.

Wani makiyayi ya rasu a wajen Garki, na goge sunansa kamar yadda aka koya mini. Kwana biyu na shigar da wani sabo, mutumin wata gundumar dabam. Da aka buga jerin waɗanda za a kai wa allura, sai ga sabon nan a wuri biyu, a gundumarsa da kuma gundumar mamacin. Mota ta tafi har can da allura cikin ƙanƙara, aka yi ta neman mutumin da ba a taɓa jin sunansa a yankin ba, ƙanƙara ta narke, allura ta lalace. Daga baya na tsinci bayanin a bakin Injiniya yana yi wa wani abokinsa da ya zo daga Kano, yana zaton Turancina bai kai nan ba. Ashe idan aka goge mutum, na'urar tana sakin ɗakinsa ta ba wani haya, amma jerin gunduma yana nan yana nuna ƙofar da yatsa. Shi ya manta ya sauke yatsan. Duk wanda ya tare a ɗakin, sai ya gaji mamaci.

Wannan abin da ya gaya wa abokinsa ke nan. Abin da ya gaya wa Daraktanmu kuwa, a gaban kowa, shi ne, "Yallaɓai, yatsun dattijo ne. Sau biyu ya buga. Na sha gaya masa ya buga abin da ke takarda kawai, ya bar wa na'ura tunani."

Aka ba ni takardar gargaɗi, ta farko a rayuwata, aka sa kwafi a fayil ɗina. Na karɓa da hannu biyu, na ce na gode. Na ninke ta na sa a aljihun gaba, kusa da zuciya, inda ake ajiye abin da ba a so a manta.

Sai shari'ar Musulunci ta zo. Wanda bai ga Dutse a shekarar ba ya yi asarar kallo. Gemu ya tsiro a haɓar da ba a taɓa zato ba. Wandon Darakta ya ɗage sama da idon sawu cikin mako guda. Direbanmu, wanda kowa ya san inda yake yini ranar Asabar, ya fara gyara mana karatun Fatiha. Mafi yawanmu tuban riga muka yi. Amma a kowane gari akwai mutum ɗaya da zai ɗauki wa'azi da gaske ya jawo wa kansa, kuma namu shi ne Ardo, mahaifin Injiniya.

Ya zo ofis bayan ya sauka daga hajji, da haƙorin Makka yana walƙiya, ranar kuwa ɗansa ya tafi Kano sayen kayan firinta. A wurina Ardo shanu arba'in da biyar gare shi tun ina saurayi, ba sa haihuwa, ba sa mutuwa. Sauran suna kan sunayen ƙannensa biyar.

Ya zauna ya ce, "Babarbare, bawana, ɗauko alƙalami. Sunayen nan biyar, goge su. Duk nawa ne."

Na ce, "Alhaji Ardo, ko dai ranar Makka ta taɓa ka?"

"Na dafa ɗakin Allah na yi alkawari na bar ƙarya. Rubuta." Ya rage murya kamar mai faɗin sunan surukarsa. "Ɗari biyu da sittin."

Na rubuta a fom, ya dangwala yatsa. Ya tambaye ni ko gaskiya ne mai garke babba ba ya kora shanu zuwa dandalin allura. Na ce haka dokar take: wanda ya haura hamsin, mota za ta same shi har ruga, wanda bai kai ba, shi zai kora nasa zuwa inda dagaci ya sanar. Ya yi murmushi ya ce ashe gaskiya ma tana da riba tun a duniya. Ya bar mini ƙwaryar man shanu ya tafi.

Na goge ƙannen biyar. Na buga ɗari biyu da sittin. Na'urar ta maido mini da shafin Ardo, a gaban shanu ta rubuta huɗu.

Na goge tabarau na sake bugawa. Huɗu. Sai karatun tiya da gwangwani ya faɗo mini. Na gwada ɗari biyu da hamsin da biyar, ta zauna daram. Na ƙara ɗaya, ta ce sifiri. Na ƙara biyu, ta ce ɗaya. Ni mai aji bakwai, rabin na bakwan a gona, na gane abin da jami'a ta ɓoye. Mudu idan ya cika, abin da ya hau kai ne ke zuba. Gwangwanin Injiniya kuwa idan ya cika, na cikin yake zubarwa kaf, ya riƙe ɗan abin da ya hau kai. Kuma ba zai yi ko tari ba, tunda mai yin tarin an riga an toshe masa baki.

Na mayar da ɗari biyu da sittin, abin da ke takarda ke nan, na bar wa na'ura tunani. Fom ɗin kuma na kai shi gida na sa a ƙarƙashin akwati.

Kada a ce ban faɗa ba. Na faɗa. Washegari Injiniya ya dawo, ofis cike, ana shan shayi, na ɗaga murya na ce, "Injiniya, ashe duk hura hancin nan, ubanka shanu huɗu gare shi? Huɗu, har da gurguwa?"

Aka fashe da dariya. Shi ma ya dara, ya ce, "Huɗun ma sun isa su sayi Barebari goma, a ba da canji."

Na ce, "Na dai gaya maka."

"Na ji, bawan Baffa." Baffa yake ce wa uban nasa.

Na san yadda zan faɗa a ji. Na kuma san yadda Babarbare zai faɗa wa Bafulatani magana ta wuce ta saman kai, kuma wannan na zaɓa. Shi kuwa bai taɓa buɗe shafin ubansa ba. A ruga ɗa ba ya leƙa yawan shanun uba, ko da kuwa a cikin na'urarsa suke. Allah ya sani, kunya kawai na so ya sha: mota ta ƙi zuwa, Ardo ya zo ya yi masa tas a gaban Darakta, ni kuma in fito da fom. Ban gayyato ciwo ba. Wannan shi ya kawo kansa.

Da kaka aka buga jeri, mota ta fara zagaye. Ranar dandali, maƙwabtan Ardo suka kora nasu suka tafi, shi ya zauna a gindin tsamiya da carbi yana jiran baƙi. Mako biyu shiru, ya aiko wani direban kasuwa ya tambaya. Ina zaune Injiniya ya ce, "Ka ce wa Baffa ya kwantar da hankalinsa, suna hanya. Sunansa yana cikin na'ura." Ya dube ni, na gyaɗa kai, don sunan kam yana ciki. A nan ya kamata in yi magana. Sai hannuna ya taɓa aljihun gaba, na ce bari a ƙara mako ɗaya. Kafin makon ya cika allura ta ƙare, aka ce sai baɗi.

Wani garke mai wucewa daga arewa ya sha ruwa a tafkin da shanun Ardo ke sha, ya bar musu ciwon huhu. Na maƙwabta, masu arba'in-arba'in na ƙarya, ko atishawa ba su yi ba.

Darakta ya ce mu je jaje, tunda uban ma'aikacinmu ne. Muka isa da hantsi. Tun daga nesa ake jin tarin, kamar masallaci cike da tsofaffi. Shanu tsaye sun ware ƙafafun gaba, sun miƙe wuya, yawu na dalala, idanu a kafe. Mahauta suna ta zarya da wuƙaƙe don a riga mutuwa, har nama ya rasa mai ɗauka. Ungulaye sun ƙoshi sun kasa tashi. Mata na zaune da ƙoren da babu komai a ciki. Wata farar saniya mai dogon ƙaho, wadda aka ce kakar kakarta ce gadon Ardo na farko, ta durƙusa a gabanmu ba ta ƙara tashi ba.

Ardo bai yi kuka ba, Fulani ba sa ba mutum wannan daɗin. Ya karɓi gaisuwa, ya sa aka shimfiɗa tabarma. Sannan ya dubi shugaban masu allura ya ce, "Malam, laifin me na yi muku?"

Mutumin ya ga za a ɗora masa, ya zaro jeri daga jaka, ya bi da yatsa, ya karanta da ƙarfi a gaban ƙannen Ardo da maƙwabta da mahauta: suna kaza, ruga kaza, shanu huɗu.

Wani mahauci ya yi dariya ya mayar da ita tari.

Ardo ya juya wajen ɗansa a hankali. "Wa ya yi abin da ke rubuta wannan?"

"Ni ne, Baffa. Amma ba ni na buga ba." Ya nuno ni. "Yatsun dattijon nan ne. Ya taɓa yi."

Na miƙe da ladabi, na ciro fom, don ban zo jaje hannu rabbana ba. Na nuna rubutuna, na nuna dangwalen Ardo. Na ce, "Yallaɓai Darakta, ni jahili ne, yatsuna biyu. Injiniya goma gare shi. Mu koma ofis ya buga da nasa mu gani."

Injiniya ya karanta lambar da ke fom ɗin. Ranar ya fara sanin yawan shanun ubansa. Na ga leɓensa yana motsi, yana cire ɗari biyu da hamsin da shida, na ga lokacin da ya iso huɗu. Bai buƙaci komawa ofis ba. Fuskarsa ta yi kamar tokar murhu. Ba zan ɓoye ba, tunda na tsufa: shanu na faɗuwa a bayana, ni kuma wani sanyi yana ratsa ƙirjina.

Ardo ya ce, ba da ƙarfi ba, "Shekara hamsin ina ƙarya, ko maraƙi ban rasa ba. Bijimai tara na sayar aka koya maka wannan." Ya gyara rawani, ya koma ga baƙinsa, ya tambayi Darakta ya hanya.

Da muka dawo, Darakta ya ce a bar maganar a cikin gida, ƙaddara ce, kada ta kai sama. Ba a kori kowa ba, ba a ba kowa takarda ba. Da yamma kafin a tashi, Injiniya ya tsare ni a bakin famfo ina alwala.

"Baba Akawu, tun ranar ka gani?"

"Tun ranar."

"Don me ba ka faɗa ba?"

"Subhanallahi. Mutum nawa ne a ɗakin? Har Barebari goma ka saya."

Ya daɗe yana kallona. Na ɗauka zai kai mini hannu, na ma shirya faɗuwa yadda za a ji. Sai kawai ya ce, "Allah ya isa."

Na ce, "Amin. Ya isar wa kowa."

Gyaran bai ɗauke shi minti biyar ba. Ya cire kalmomin nan biyu, ya sauya gwangwani da babban mazubi, wanda ya ce yana ɗaukar sama da dubu sittin. Ya ci gaba da zuwa aiki, amma ya daina yi wa kowa karatu. Na ji an ce ya je ruga da sallah, uban ya amsa sallamarsa kamar yadda ake amsa wa mai tallan gishiri, bai ce ya zauna ba. Ya sayi karsana biyu ya aika, aka koro su har Yalwawa aka ɗaure masa a ƙofar gida.

Da shekara ta zagayo, Ardo ya zo sabunta rajista. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Injiniya ya miƙe tsaye ya durƙusa, ya ce, "Sannu da zuwa, Baffa." Ardo ya wuce shi ya zauna a gabana.

"Babarbare, rubuta. Ashirin da uku."

Na rubuta. Wasa ya zo mini har baki, na haɗiye shi, karo na farko tun da na san Fulani.

Ya dangwala yatsa, ya goge shi a gefen tabarmar da ya riƙo. Sannan ya nuna bayansa da haɓa, bai waiwaya ba.

"Tambayi ma'aikacin can, ko za su shiga na'urar tasa?"

Injiniya yana durƙushe har yanzu. Ya ce, "Za su shiga, Baffa."

Ardo ya ci gaba da kallona yana jira, sai da na maimaita masa da bakina, sannan ya ɗauki sandarsa.